Mama Afiniki, Mai Tsare Ƙofa

Ranar wata Asabar na fara jin sunanta, ina 'yar shekara shida, makonmu biyu da sauka Aliero. An yi wa babanmu canjin wurin aiki daga Maiyama zuwa wata sakandare a nan. Mamarmu tana tankaɗen garin tuwo sai maƙwabciyarmu Amariya, wadda muke majami'a ɗaya da ita, ta leƙo ta kan katanga, hannunta duk kumfar wanki.

"Maman Damaris, ɗiyarki ta kawo miki aya?"

"Wace aya?"

"Wadda aka ba su ran Lahadi. To, zauna nan. Gobe Mama Afiniki za ta tare ki bakin ƙofa, sai ki yi mata bayani."

Mamarmu ta ajiye rariya ta dube ni. Ni kuwa tun Litinin na manta an ce in kai wani abu gida. Ranar tuwo bai sauka da wuri ba.

Abin da zan faɗa a kanta, wani da idona na gani, wani daga bakinta na ji bayan na girma.

An haifi Afiniki a wani ƙauye cikin duwatsun ƙasar Zuru. Ba ta san shekarar ba, takan ce dai shekarar da fara ta cinye dawa. Aure ya kawo ta Aliero tare da mijinta Ishaya, mai gyaran injin ban ruwa, lokacin da manoman albasa suka fara jingine jigo suna sayen inji. Shi yana fadama cikin baƙin mai, ita tana bin gonaki aikin dashe, don matan ƙasarsu da aikin gona aka san su. In an kwashe albasa sai ta sayi lawashi, ta daka, ta dunƙula gabu, ta shanya, ta kai kasuwar Jega. Ta haifi shida, huɗu suka tsaya. Karatu sai da ta girma ta koya a ajin zumuntar mata, kuma har ta mutu da yatsa take bin layi, leɓɓanta na motsi.

Babban ɗanta Filibus yaro ne mai kai. Aya ko wace iri ce, sau biyu zai ji ta zauna. Yana shekara goma sha biyu aka yi gasar hadda a taron majami'un yanki a Jega, ya kayar da kowa, aka ba shi bokitin roba da Littafi Mai Tsarki mai jan baki. Afiniki ta ɗora bokitin a ka tun daga tasha har gida, ba komai a ciki, don dai a tambaye ta. Littafin kuwa aka sa shi ƙasan akwati kada ya yi datti. A gidan ba a taɓa zama an buɗe shi ba. Ishaya yakan dawo a gajiye, ita ta dawo da ciwon baya, addu'ar abinci ma sama-sama ake yi. A ganinsu tarbiyyar bangaskiya aikin malaman makarantar Lahadi ne, kuma ga shi suna yi, har da bokiti.

Da Filibus ya kai sha tara ya bi motocin albasa zuwa kudu, ya zama dillali a can. Bai lalace ba. Duk Kirsimeti yana zuwa da atamfa da buhun shinkafa. Sai dai in an kaɗa ƙararrawar sujada, shi tasha yake nufa hira da direbobi. A shekara ta uku uwar ta kasa haƙuri, ta tsare shi yana sa takalmi.

"Duk abin da ka haddace, ka manta ke nan?"

"Ban manta ba, Mama. Yanzu ma in kina so in zuba miki." Ba da rashin kunya ya faɗa ba, yana ma murmushi. "Amma ai abin coci ne. Can aka koya mini, can nake barinsa in an tashi, kamar benci. Ke kin taɓa tambayata a gidan nan?"

Ya ƙarasa sa takalminsa. Ya gaishe ta ya fita.

Maganar ta yi wata goma tana cinta. A tsakani Ishaya ya kwanta ciwo ya rasu. Da kaka ta koma dashen albasa a gonar maƙwabcinta Malam Atiku, wanda kullum da safe in za ta wuce takan ji shi a zaure yana sauraron karatun 'ya'yansa kafin su ɗauki allo su tafi wurin malaminsu. Shekara da shekaru tana jin wannan, ba ta taɓa sa shi a rai ba. Wata rana, bayan an daɗe da gama dashe, ta ga wani ɓangare na fangalin da aka yafa iri an bar shi, ya yi kore shar, ya fi duk gonar kyan gani. Ta sa hannu ta tuge guda. Saiwa ce kawai, siririya, babu kai.

"Wanga mun makara da shi," in ji Malam Atiku. "Ba mu samu hannu munka dasa ba. Nan ai tsiro ɗai yaka yi, Afiniki. Sai an kai shi can an ba shi wuri yaka yin kai. Tuge ki kai ma awakinki."

Ta daɗe tsaye da ganyen a hannu. Ta ce mini a ranar ji ta yi kamar Filibus ta riƙe.

Lahadin da ta biyo ta je wurin fasto ta roƙi ajin ƙananan yara. Ba mai son ajin dama, saboda kuka da fitsari, aka ba ta da murna. Ba wanda ya tambaye ta yadda za ta yi.

Aya ɗaya take bayarwa a mako, gajeriya, ta yi ta maimaitawa da tafi har ta zauna. Sannan ta ce kowa ya kai gida ya koya wa uwarsa da ubansa. In Lahadi ta zagayo ba yaron take tambaya ba. Tun kafin ƙararrawa ta biyu za ta tsaya bakin ƙofar majami'a da zanen zumunta da ɗan kwalinta, duk mai ɗa a ajinta sai ya biya mata kafin ya shiga. Wanda ya ce bai iya karatu ba, sai ta ce ai ba littafi ta aika masa ba, ɗansa ta aika. Barnabas mai walda ya rubuta tasa a tafin hannu, ta ce ya gaishe ta da hannu biyu tukuna. Wani ya zo yana tari yana nuna maƙogwaro, ta ce, "Tarin nan bai hana ka cinikin akuya a Jega ba, har daga layin masu gabu ina jin muryarka." Akwai wanda ya gwada shiga ta ƙofar mawaƙa. Mako na gaba ya tarar ta sa an jingine benci a wurin.

Mutane suna gunaguni, amma abin ya kama. Gidajen da ba a san zama tare ba sai ga uwa tana gyaran shinkafa, ɗan shekara biyar yana gyara mata aya. Daga ayar sai yaro ya tambayi ma'anarta, daga nan sai a ce to bari a yi addu'a tunda an zauna. A gidanmu haka ta faru da mamarmu.

Sai dai Mama Afiniki tana da harshe, kuma in ta tsaya a ƙofar nan ba ta duba wa ke tsaye kusa.

Babanmu, Malam Istifanus, malamin lissafi ne, kuma shi ne sakataren majami'a. Mutum ne mai tsabta da tsari, ba ya son a ga gazawarsa. Shekara uku ina ajinta bai taɓa biya mata ba, don mabuɗi a hannunsa yake, kafin ta iso ya riga ya shige yana jera takardu. In na kawo masa aya a gida sai ya ce, "Kai wa mamarki, ina makin takardu." Ba ƙin abin yake ba. Gani yake shi da ke karanta sanarwa da Turanci ya wuce a tsare shi.

Ranar godiyar kaka, ina shekara tara, aka aike shi tasha ya taro baƙon mai wa'azi daga Jega. Suka iso majami'a ta cika, an jera dammunan dawa da buhunan gyaɗa gaban bagade, mata sun yi layi a waje za su shiga da waƙa. Babanmu yana gaba cikin babbar riga, riƙe da jakar baƙo. Mama Afiniki ta matso tsakiyar ƙofa.

"Baba, sannu da hanya," ta ce wa baƙon. Ta juyo. "Malam, ina ayar Damaris?"

"Mama, muna da baƙo."

"Baƙon ma zai so ya ji."

Babanmu ya gyara riƙon jakar baƙon, ita kuwa ta ci gaba.

"Shekara uku kana riga ni da mabuɗi. Ɗiyan mutane ɗari kake koya wa lissafi, taka guda ta gagare ka?"

Wata a layin mata ta tuntsire da dariya, ta toshe baki da gefen zane. Baƙon ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa. Babanmu ya raɓa ta gefenta ya wuce. Ya karanta sanarwa muryarsa ba ta ko girgiza ba, amma da muka koma gida bai taɓa shinkafar godiya ba. Ya ce daga yau ba ni ba ajin nan. Washegari ya rubuta wa dattawan majami'a takarda, cewa a hana ta tsare ƙofa, a karɓe ajin daga hannunta a ba wanda ya yi makaranta, a riƙa bin littafin darasi kamar sauran majami'u. Waɗanda ta taɓa kunyatawa suka sa hannu, ba su da kaɗan. Dattawa suka sa zama bayan mako biyu, suka aika mata cewa kafin nan ta bar ƙofa.

Lahadin nan a bencin baya ta zauna. Tana kallo iyaye suna shigowa a sake, wasu suna kau da kai, wasu har da ɗan sauri kamar an buɗe wa awaki garke. Yara kusan rabi ba su zo ajin ba. Ajin nan shi ne abin da ya rage mata tun rasuwar Ishaya, kuma ta san in an karɓe, aya za ta koma kwana a kan benci. Ta koma gida zuciyarta na tafasa. A ganinta gaskiya ta faɗa, kuma gaskiyar ce ake hukuntawa.

Da Talata ta shiga gidan Malam Atiku taya matarsa Kubura sussukar gero, ta zazzage mata labarin tas, tana jiran a ce an zalunce ta. Kubura ta bari sai da ta gama.

"Gaskiya kam kin hwaɗi," ta ce. "Amma gaban baƙo kinka tuɓe mai hula. Ke da kanki, in anka yi miki haka, kina komawa?"

"To ina zan same shi? Gudu yake."

"Ba shi da gida? Maigidana in ɗiyanshi sunka yi kuskure, cikin zaure yaka gyara musu, ba bakin masallaci ba. Ke kin ce a kai abu gida, ke kuma kin tsaya ƙohwar coci kina karɓa. Taɓaryar ga, ki kama ko ki ba ni."

Afiniki ta kama taɓarya. Ta yi luguden da ya fi na kullum ƙarfi. Abin da ya fi yi mata zafi shi ne Kubura ta yi gaskiya. Shekara goma sha uku tana faɗa da abin da ya raba ta da Filibus, ashe ita ma a bakin coci ta kafa shi. Iyaye suna haddacewa ne don su wuce ta, da yawansu a hanya suke koya.

Ran Asabar da la'asar ta yi sallama a gidanmu, riƙe da gwangwanin madara cike da irin albasa, an naɗe da jiƙaƙƙen tsumma. Babanmu yana ƙarƙashin rumfa yana makin jarrabawa da jan biro. Ta ajiye gwangwanin, ta durƙusa gabansa, gwiwa biyu a ƙasa.

"Mama, don Allah tashi. Kin haife ni."

"Sai na gama. Malam, na yi maka laifi gaban baƙo da gaban mata. Bakina ya fi hankalina sauri. Ka yafe mini."

Ya ce ya yafe, irin yafewar da ake yi don a tashi. Ba ta tashi ba. Ta zauna a kan tabarma ta ba shi labarin Filibus, tun daga bokiti har maganar benci. Mu baƙi ne a garin, bai taɓa ji ba.

"Ban zo don ka janye takarda ba," ta ce. "In an ba wanda ya fi ni karatu, ai yara sun ci riba. Abu ɗaya na zo roƙo. Ko wa ya koya wa yarinyar nan, kai ka ji ta a nan, ƙarƙashin rumfar nan. Ni ban ji nawa ba."

Babanmu ya jawo wata takarda ya ci gaba da maki. Ta ɗan jira, sannan ta juyo wurina, ina maƙale jikin ƙofar ɗaki.

"Damaris, an hana ki ajina, ba a hana ki sallamar tsohuwa ba. Biya mini ta ranar godiya in tafi da ita."

Na fito na tsaya, hannu a baya. Tsoro ya kama ni, ga babanmu ga ta. Na ɗauko kan ayar daidai, da na kai tsakiya sai na liƙa mata wutsiyar ta makon da ya gabace ta, na ƙarasa da ƙarfi kamar na yi abin kirki. Mama Afiniki ta ji sarai. Daga baya ta gaya mini sai da ta ciji harshenta. Amma ta sunkuyar da kai tana gyaɗawa, ta ce, "Madalla."

Jan biro ya tsaya.

"Ba haka ba ne," in ji babanmu.

Ya ajiye biron ya ci gaba.

"Farkon da ƙarshen ba su haɗu ba, ko ma'ana ba ta bayar ba. Mama, kuma kin ce madalla? Ke, ɗauko mini Littafi."

Shekara ashirin yana koyarwa, kuskure bai taɓa wucewa ta gabansa ya ƙyale ba. Na kawo, ya nemo wurin, ya karanta, ya sa na maimaita. Na sake tuntuɓe, ya raba mini ita gida biyu kamar lissafi. A karo na huɗu ya rufe littafin muka faɗa tare. Sannan ya tambaye ni ko na san abin da take nufi, na ce a'a, ya ture takardun jarrabawa gefe ya ce in zauna.

Da muka ɗaga kai, Mama Afiniki tana can bayan randa ita da mamarmu, suna dasa irin albasar inda ruwan wanke-wanke ke bi. Ta wanke hannu ta yi sallama. Babanmu ya raka ta har bakin titi, abin da ba ya yi wa kowa.

A zaman dattawa bai janye takardarsa ba. Ya tashi ya ce har gobe yana nan a kan cewa ƙofar majami'a ba kotu ba ce, kada a sake tsare kowa a wurin. Amma maganar karɓe aji, ya ce a soke ta, shi ya rubuta kuma shi ya ga kuskuren maganar. Barnabas mai walda ya ce to in an bar ƙofa ai an huta. Mama Afiniki ta ce, "Ka huta ran Lahadi. Ran Asabar ina zuwa gidanka, ka sa a dama mini kunu." Aka yi dariya, aka tashi a kan haka.

Tun daga nan Asabar ta zama ranar zagayenta. Gida uku ko huɗu take shiga, ta zauna a tabarma, yaro ya faɗa, uwa ta faɗa, uba ya faɗa, in an yi kuskure ba mai ji sai 'yan gida. Akwai iyalai masu aikin gona a Jiga Birni da ƙafa ba ta kaiwa, sai ga shi babanmu ne mai babur. Shekara goma sha biyu yana ɗaukarta, suna tafe suna gardama. Shi ya ce ta riƙe da kyau akwai rami, ita ta ce ya biya mata ta wannan mako tukuna. Bai taɓa yarda cewa ta yi daidai ranar godiya ba, ita ma ba ta taɓa cewa ya yarda ba.

Ta rasu da daminar bara, bayan gajeriyar jinya. Kubura ce ta fara shigowa gaisuwa, ta zauna da mu har aka kai gawar. Filibus ya zo, ya yi duk abin da ɗa ke yi. Da aka shiga sujada ya tsaya daga waje, gindin bishiyar dogon yaro, hularsa a hannu.

Wajen shekara guda kafin nan, lokacin na gama sakandare ina taya ta ajin saboda idonta ya yi rauni, ta kira ni ɗakinta wata rana da hantsi. Ta sa na jawo akwati, na ciro Littafin nan mai jan baki, har yanzu kamar sabo. A cikinsa akwai 'yar takarda da lambar waya.

"Ta matar Filibus ce," ta ce. "Mutuniyar kirki. Suna da ɗiya, shekararta biyar, sunana aka sa mata. Ni na tsufa, in na kira sai in fara faɗa, kin san bakina. Ke nake so ki riƙa kira duk Lahadi da yamma, ko ina nan ko ba na nan. Ki ce a ba ki yarinyar. Ki ba ta aya ɗaya, gajeriya, ki ce ta kai wa babanta kafin ya fita kasuwa."

Na ce to, in mako ya zagayo in tambaye shi ke nan?

"A'a. Shi kada ki tambaye shi komai, ko sau ɗaya. Ke dai ki riƙa ba ta tana kai masa."